Kututturen da ke cikin gonarka

Ɗan'uwa mai karatu, in aka tambaye ka abin da ke gyara zaman mutum, me za ka ce? Wani zai ce babur. Wani zai ce amalanke da shanu biyu. Wata za ta ce injin niƙa, don ta huta da daka. Duka gaskiya ne, amma duka sai da kuɗi. Ni a ganina, abin da ya fi taimakon manomi a ƙasar Maraɗi cikin shekarun nan, ba a sayar da shi a kasuwa. Yana nan cikin gonarka. Kututturen icce ne, wanda kake sare tohonsa kowace bazara.

Tambayi tsofaffi su gaya maka yadda ƙasar nan take a da. Daji ne mai duhu. Mutane suka yi yawa, aka sare daji aka yi gonaki. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, babu ko sabara ɗaya. Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, shekarar yunwar da mutane ke kira El-Buhari. Hili ya zama tsirara. In iskar farkon damana ta taso, rairayi ya binne hatsin da ya tsiro, ko ya yanke shi. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Mata kuwa su wuni neman iccen girki. Wadda ba ta samu ba ta hura wuta da kara ko kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki.

An yi ƙoƙarin dashen itatuwa. An kashe kuɗi masu yawa, an reni ƙananan itatuwa cikin leda, an raba wa ƙauyuka. Kaɗan ne suka rayu. Rana ta ƙone wasu, awaki da gara suka cinye sauran.

Cikin masu wannan aikin dashe akwai wani Bature, mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi. A 1983 ya tsaya ya duba ƴan ƙananan tsirran nan da ke warwatse cikin gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka haki ne. Ya ga ashe tohon itatuwan da aka sare ne. An sare iccen daga sama, amma saiwarsa na nan da rai ƙarƙashin ƙasa, ta yi nisa har inda laima take. Kowace shekara tana toho, kowace shekara a sare a ƙone. To me zai sa a wahala da ɗan dashe mai guntuwar saiwa, ga mai tsohuwar saiwa na jira? Dabarar ba baƙuwa ba ce ɗungum, don kakanninmu sun san barin gawo a gona. Sarakunan Damagaram ma sun hana saransa. Amma an manta da ita, sai da aka farfaɗo da ita. Yau ita ake ce wa sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, kada ka share komi da komi. Zaɓi kututturan da kake so: kalgo, sabara, gawo, aduwa, magarya, duk wanda ka san amfaninsa. A kan kowanne, ka bar toho uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Ka yanke sauran. Ka rage ƙananan rassa daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar, ka bar na sama. Wuƙa ko gatarin su kasance da kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan ƴan watanni ka koma ka sake ragewa. Shi ke nan. Babu ban ruwa, babu leda, babu ko dala.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada. Aka ce ragwaye ne, sun kasa share gona. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba mutane abinci in sun bar itatuwa cikin gonakinsu. Dubban manoma suka yarda, don ciki. Da abincin ya ƙare, aka sare mafi yawan itatuwan. Ka ga abin da aka yi don buhun dawa ba ya daɗewa. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga wani abu. Iska ba ta binne masu shuka ba. Sun samu iccen wuta a gida. Hatsinsu bai ragu ba. Maƙwabci ya gani da idonsa, shi ma ya gwada. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, ba tare da an biya kowa ba. Bayan shekara ashirin, masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama da sababbi. Suka ce itatuwa sun dawo a wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya, tare da Yacouba Sawadogo, manomi ɗan Burkina Faso. Amma hannuwan da suka yi aikin, na manoma ne irinka.

Yanzu mu duba Jiratawa. A can akwai hilin noman rani da gwamnati ta gyara a farkon shekarun 1980, wajen hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da injuna masu jawo ruwa. Aiki ne mai kyau. Ganyen tamaka, wato zogale, da tumatir da tattasai da ke shiga kasuwar Maraɗi, da yawa daga can suke, da kuma fadamar Gulbi wajen Tibiri. Gidaje da dama sun tsaya da ƙafafunsu saboda shi. Amma inji na son wutar lantarki, yana son gyara, kuma mai hili sai ya biya kuɗin ruwa. Ko ba wannan ba, mutum nawa hekta 500 za ta ɗauka? Mu mafi yawa gonar tudu gare mu, jigawa ce, ruwan sama kaɗai muke jira. Wanda ke tudu ba zai zauna jiran a kawo masa inji ba. Abin da Allah ya ajiye masa, shi zai fara kamawa.

Dubi gawo. In damana ta faɗi, sauran itatuwa na yin ganye, shi kuwa sai ya kaɗe nasa. Ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, bisashe su taru a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu nan. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na nesa tsawo da kaurin zangarniya. Kai ma ka sha gani.

Ke kuma ƴar'uwa, maganar nan taki ce fiye da kowa. Rassan da aka rage su ne iccen girkinki. Tahiyar da kike yi tun hantsi har azahar za ta ragu, ki samu lokacin sana'a, ko na zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ƴaƴan magarya da na aduwa kuɗi ne a kasuwa. A shekarar yunwa, kamar 2005, gidan da ke da itatuwa yana da abin sayarwa ya auno tiya ɗaya ko biyu, kafin ya taɓa akuyarsa. In kina da gamana, fara a can. Ba sai kin jira mai gida ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce itatuwa na tara tsuntsaye, suna kuma cin wuri. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Shi ya sa ba a barin kowanne, kuma ake rage rassa kafin shuka. Da farko wajen icce 40 aka ce a bari a hekta guda. Daga baya manoma da kansu suka ƙara, don sun ga riba.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta mallaka. A da, icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka yake. In ka sare reshe, malamin daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba? Wannan ya canza sannu a hankali. An yi sabuwar dokar daji a 2004. A 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka musamman a kan wannan aiki, wadda ta yarda manomi ya ci moriyar iccen da ya rena. Nemi a karanta maka ita, ko ma ka je wurin malamin daji ka tambaya kafin ka sare babban icce.

Saura ɓarawo. Garin Maraɗi na ƙara girma, kowane gida na son iccen wuta, kuma akwai masu shiga gonar mutane da dare da gatari. Mutum ɗaya ba ya iya tsaron gona dare da rana. A Ɗan Saga, wajen Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa. Suka sa maza da mata, suka sa makiyaya ciki, suka yanke tarar wanda aka kama. Sa makiyaya nan dabara ce babba, don wanda aka yi shawara da shi ba ya zama abokin gaba. Ku kai maganar gaban mai gari tun kafin lokacin sassabe. Wanda ke noma gonar aro kuma, ya yi magana da mai gonar gaban shaidu, a san na wa ne iccen in ya girma. Tunda yanzu kun iya rubutu, ku rubuta a takarda, kowa ya sa hannu.

Bana, in ka shiga sassabe, ware gefe guda na gonar. Zaɓi kututture goma. Ɗaura ɗan tsumma a jikin tohon da ka bari, don yara da masu wucewa su san da mai shi. Rubuta ranar a littafinka, da sunan kowane icce. In kaka ta yi, ka ƙirga damman wannan gefen dabam.