Mun gyara ƙofofi, mun bar ganuwa tana mutuwa

1/ Jama'a, ga wani zare a kan Katsina, ku ɗan ba ni minti uku. Kullum ana cewa jiharmu na da wuraren tarihi da za su jawo masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne. Amma wane baƙo ne zai taso daga Legas ko Turai ya zo ganin abin da mu kanmu ba mu taɓa leƙawa ba?

2/ Ni ɗan Ƙofar Sauri ne. Ku tambayi samarin unguwarmu, kowa ya san ƙofar, ita ce kwatancen da ake ba mai Keke Napep. Amma ku ce su nuna muku inda ganuwa ta bi daga nan zuwa Ƙofar Durɓi. Za ku ji shiru. Ƙofa fa ba ta da ma'ana in babu bangon da take ratsawa.

3/ Kaura, Ƙwaya, Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi, Marusa. Ganuwa ɗaya ce ta haɗa su duka. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, ya kiyasta kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14. Da hannu aka gina, da ƙasa da ruwa da aikin gayya.

4/ Yau fa? Wani wuri an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani wuri an yanka fuloti, wani wuri ya zama bola. Damina ta ci nata rabon. Mu kuma mun shafa wa ƙofofi siminti da fenti, muna tsayawa gabansu muna ɗaukar hoto ranar Sallah. Wallahi kamar mutum ne ya sa hula mai tsada alhali ba riga a jikinsa.

5/ Mu je Gobarau. Hasumiyar ƙasa mai tsawon kusan mita 15, a tsakiyar birni, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 ke nan. Masallaci ce, makaranta ce, kuma daga samanta ake hango mahara. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa hawa matakalarta?

6/ Ba ginin kaɗai ba ne abin alfahari, ilimin da ke kewaye da shi ne. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne wannan. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, daga nan ya tashi, ya koyar a Alƙahira, a can ya rasu a 1741. Turawa na rubutu a kansa, mu ko sunansa ba mu riƙe ba.

7/ Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. A cikin azuzuwanta na ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Ita ce daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Muna raba hoton Sardauna a Facebook, amma ajin da ya zauna bai dame mu ba.

8/ Ku fita birni kaɗan. Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani: kaburburan sarakunan farko, inda aka tono kayan zinariya da tagulla da hauren giwa, har aka kai su Jamus aka gyara. Ga Rijiyar Kusugu a Daura. Ga Dam ɗin Zobe a Dutsin-Ma ga mai son ruwa da iska.

9/ Na san me wani zai ce: "Malam, ana fama da 'yan bindiga da tsadar masara, kai kana zancen tsohon bango?" Ban raina wannan magana ba. Babu mai zuwa yawon shaƙatawa a hanyar da yake tsoron a sace shi. Dajin Rugu ma ai da wurin namun daji ne.

10/ Amma ku lura: in Allah Ya kawo zaman lafiya, hanya za ta buɗe, kasuwa za ta ci. Ganuwar da aka yi tubali da ita kuwa ta tafi ke nan har abada. Kuma Gobarau da Kwaleji a cikin gari suke, ba sai ka ratsa daji ba. Uzurin tsaro bai rufe wannan sakacin ba.

11/ Ku dubi maƙwabta. Agadas a Nijar ta shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyarta ta ƙasa. A Djenne ta Mali, duk shekara gari ke fitowa, yara da manya, a yi wa babban masallaci yaɓe. Ginin ƙasa haka yake, kulawa yake so ba siminti ba.

12/ Nijeriya gaba ɗaya wurare biyu take da su a wannan jerin: Sukur a Adamawa da dajin Osun a Osogbo. Hawan Sallar Kano ya samu shiga jerin al'adu a 2024. Mu da muke bugun ƙirji da hawan Ƙofar Soro, me muka rubuta, me muka adana?

13/ Abin da ke hannunmu: mu ɗalibai mu bi layin ganuwa da wayoyinmu, mu ɗauki hoton abin da ya rage, unguwa-unguwa. Mu zauna da dattawa mu naɗi labarin kowace ƙofa tun suna raye. Malaman firamare su kai yara Gobarau ko sau ɗaya a zango.

14/ Abin da ke hannun hukuma da masarauta: a shata iyakar ragowar ganuwa, a hana ɗibar ƙasa da yanka fili, a ba magina na gargajiya aikin yaɓe kafin kowace damina, a horar da matasa su zama masu zagayawa da baƙi. Sana'a ce, a wasu ƙasashe da ita ake ciyar da iyali.

15/ Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Asabar mai zuwa, maimakon zaman majalisa, ka ja abokinka ku je Gobarau. In kuma akwai guntun ganuwa a unguwarku, ɗauko hotonsa ka ajiye a ƙarƙashin wannan zaren, ka faɗi sunan wurin. Mu fara ƙirga abin da ya saura a ta Dikko ɗakin kara.