Jiki Magayi: Idan ɗalibi ya goyi bayan mai ɗaukar fansa

Ɗalibin sakandare da ya karanta Jiki Magayi yakan fara da tausaya wa Abubakar. Wani ma sai ya ce da shi aka yi wa haka, abin da zai yi ke nan. Wannan amsa takan tayar wa malami hankali, amma bai kamata a rufe bakin yaron ba.

Littafin, wanda John Tafida ya rubuta tare da Rupert East, yana cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka biyo bayan gasar 1933 a Zariya. Abubakar na son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya aure ta da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya kuma sauke shi a kan Kyauta, ɗan da suka haifa. Yaron ya tashi ɓarawo, har ta kai ya kashe mahaifinsa ba tare da ya gane shi ba.

Ɗalibin yana da hujja: an zalunci Abubakar, kuma har gobe talaka na rasa budurwa saboda mai kuɗi ya shigo. Sai dai akwai tambayar da ya tsallake. Me Kyauta ya yi? Ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin, amma rayuwarsa ce ta lalace.

A nan aikin malami yake. Idan darasi ya tsaya ga haddace jigo da sunayen taurari don cin jarrabawa, ɗalibin zai fita aji da ra'ayin da ya shigo da shi. Waje kuwa faɗan daba na jiransa a unguwa, ga hare-haren ramuwar gayya a ƙauyuka, inda wanda ake kashewa sau da yawa bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Don haka a bar ɗalibi ya faɗi abin da ke ransa. Daga nan a sa shi ya sake ba da labarin daga bakin Kyauta, a ji ko zai ci gaba da kiran abin da Abubakar ya yi adalci. Gara ya yi wannan muhawara da alƙalami a aji, tun kafin wani ya miƙa masa wuƙa a lungu.