Kafin Mu Ɗora Wa Kyamara Laifi

 

Yau za mu ɗan jingine zancen jigo da salo, mu taɓa wani abu da ya fara shiga jakunkunanmu tare da biro da littafin rubutu, wato 'yar kyamarar nan ta aljihu mai wuya, wadda kanta ke juyawa yana bin fuskar mutum. Masu sana'ar suna kiran wuyan nata gimbal. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ne ya yi fice da irinta, tun da ya fitar da Osmo Pocket a ƙarshen 2018, ya biyo da ta biyu a 2020, ta uku kuma a 2023. Yanzu wasu kamfanonin ma suna ƙera nasu. A wajen ƙaddamar da littafi ko karatun waƙa, da wuya a rasa wani da ya ɗaga ta sama kamar tocila.

Mun yi murna da shigowarta. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke saurin cewa "ta lalace" ko "an sayar mana da jabu" da zarar ta yi gardama. A ganinmu, yawancin matsalolinta daga hannunmu suke tasowa, kuma marubucin da zai zauna gaban dattijo da kyamara wajibi ne ya san kayan aikinsa kamar yadda ya san ƙa'idojin rubutu. Da hasara muka koyi wannan darasi.

Bara, mu huɗu daga ƙungiyarmu ta marubuta muka tafi wani ƙauye wajen wata tsohuwa da ta haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe, irin waɗanda injin niƙa da siminti suka kora daga gidajenmu. Da farko ta ƙi. Sai da jikarta ta lallashe ta, muka ce, "Iya, ko guda biyu ki yi mana." Da bakinta ya buɗe kuwa, kusan awa biyu tana rerawa, tana faɗa mana wacce ake yi idan an kai amarya, wacce ake yi don habaici ga kishiya. Muka dawo gari cike da farin ciki. Da muka sa katin memori a kwamfuta, bidiyoyin farko kaɗai suka buɗe. Sauran ga sunayensu nan, ga nauyinsu a rubuce, amma babu komai a ciki. Katin da muka saya da araha a wata rumfa an rubuta masa giga 128, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Bayan wata biyu muka koma, muka tarar Iya ta samu shanyewar ɓarin jiki, maganarta ba ta fita sosai. Abin da ya rage mana shi ne 'yan baitocin da ɗayarmu ta rubuta da biro a wurin.

Ranar mun zagi kyamarar son ranmu, ita kuwa aikinta ta yi. Mu ne muka zuba ruwa a tulu mai huji.

Don haka da katin za mu fara. Katin jabu ƙarya yake yi wa na'ura game da girmansa. Idan ainihin cikinsa ya cika, kyamara za ta ci gaba da nuna tana ɗauka, abin da take turawa kuwa yana ɓacewa ko yana hawa kan na baya. Kafin mu amince da sabon kati, mu gwada shi da manhajar H2testw, wadda kyauta ce a kwamfuta mai Windows: tana cika katin da bayanai, sannan ta karanto su ta faɗi gaskiyar girmansa. Wanda bai da ita ya cika katin taf da finafinai, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ya gani. Bayan girma akwai sauri. A duba jikin katin a ga alamar U3 ko V30, ma'ana yana iya karɓar aƙalla megabait 30 a kowace daƙiƙa ba tare da ya sare ba. Kati mai nawa shi ke sa ɗauka ta tsaya da kanta ana tsakiyar magana. A yi masa fomat a cikin kyamarar kanta, kuma kada a riƙa yawo da shi tsakanin waya da rediyon mota da kyamara.

Sai wuyan. Ƙananan motoci uku ne a cikinsa: ɗaya na juya kan hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya na hana shi karkacewa gefe. Akwai na'urar da ke jin rawar hannunmu, tana umartar motocin su gyara nan take. Wannan ne sirrin hoton da ba ya girgiza, kuma nan ne wurin da ya fi rauni. Idan kan ya kama karkarwa, ko ya langaɓe, ko allon ya nuna cewa mota ta ɗauki nauyi fiye da ƙima, mu kashe ta tukuna mu duba. Sau da yawa an kunna ta ne tana cikin kubenta, ko yatsa na tokare da kan, ko an liƙa mata wani gilashi mai nauyi. Wani lokacin kuma ƙura ce. Mu da muke zaune inda hunturu ke shigar da ƙura har cikin akwatin da aka kulle, dole mu mayar da ita kubenta duk lokacin da ba a aiki. A busa gaɓoɓin da 'yar robar busa iska ta masu gyaran kyamara. Kada a hura da baki, saboda danshi na kama ƙura ya zama laka. Kada a ɗiga mata man keken ɗinki, kada kuma a murɗa kan da hannu alhali tana kunne.

Idan hoton ya fito a karkace, bango ya zama kamar zai faɗi, ma'auninta ne ya goce, galibi bayan faɗuwa ko jijjigar hanya. A cikin saiti akwai wurin daidaita wuyan, wanda suke kira kalibireshan. A tsayar da ita a kan tebur mai shimfiɗa daidai, a danna, a janye hannu har ta gama. Kan katifa ko kan cinya ba za su yi ba. Aikin minti ɗaya ne, amma mun ga wanda ya kai tasa wajen mai gyara saboda wannan, aka buɗe ta, daga nan ba ta sake zama daidai ba.

Zafi kuwa sai mun yi haƙuri da shi. Irin waɗannan kyamarori an tsara su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuma daga Maris zuwa Mayu garuruwanmu kan kai 40 har su wuce, a inuwa ma. Jikinta ƙarami ne, zafin da take haifarwa ba ya samun wurin fita da sauri, shi ya sa take kashe kanta don kada ta ƙone. Abin da ke ƙara mata wuta shi ne kwaɗayinmu na 4K mai hoto 60 a daƙiƙa. Me hira da mutum a zaune za ta yi da wannan? Saitin 1080 ya wadatar, ya fi sanyi, ya fi tattalin batir da wuri. A wasu saitunan 4K, awa ɗaya kan ci kusan giga 45. Mu sa lokacin hira da safe ko bayan la'asar, mu zauna a inuwa, mu yanka ɗaukar kashi-kashi, kamar minti 15 zuwa 20. Ko ba don zafi ba, idan kashi ɗaya ya lalace sauran sun tsira. Kada a bar ta a cikin mota a rana, domin batirin da ke cikinta zafi ne babban makiyinsa, kuma ba irin wanda ake zarewa a sauya a hanya ba ne.

Akwai wata matsalar da ke sa mutane rantsuwa cewa allon ya mutu: layuka masu yawo ko ƙyaftawar haske idan ana ɗauka a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Idan kyamara na kan saitin hoto 30 ko 60, ba ta tafiya daidai da hasken ƙwanmu. A mayar da ita 25 ko 50, a sa saitin hana ƙyaftawa a kan 50. Idan ƙaramin janareta ne ke ba da wutar, gudunsa na hawa da sauka, layukan na iya ƙin tafiya. A nan sai a kashe ƙwan, a matso da mai magana bakin ƙofa ko taga, hasken rana ya faɗo masa a fuska.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu a matsayin marubuta: murya. Mai tallan kaya hoto yake nema, mu kalma muka je ɗauka. Bidiyo mai duhu ana iya rubuta abin da aka faɗa a cikinsa, amma bidiyo mai kyau da iska ta cinye muryarsa ba shi da amfani a wajenmu. Makirufon jikin kyamarar ƙanana ne, suna kwasar komai: kukan akuya, ƙarar babur, har gogar yatsunmu a jikin mariƙin. Wasunmu ma da tafin hannu suke toshe ramukan ba su sani ba. Mu matsa kusa da mai magana. Idan da hali a sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, a sa masa hularsa mai gashi saboda iska. A ɗauki gwajin rabin minti, a saurara kafin a fara. Sannan a ajiye waya kusa da mai maganar tana naɗar murya daban. Da mun yi wannan kaɗai a gidan Iya, da yau muna da waƙoƙinta.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna ɓata aiki. Saitin bin fuska na iya barin dattijon da ake hira da shi ya koma kan yaron da ya leƙo ta bayansa, don haka a hira ta zaune gara a kashe shi, a kafe kyamarar a kan ƙafarta. Idan ta ƙi haɗuwa da waya, a goge tsohon haɗin, a kashe duka biyun a sake kunnawa, kuma manhajar a sauke ta daga shafin kamfanin da kansa. Sabunta manhajar cikin kyamara abu ne mai kyau, amma kada a yi shi daren da za a wayi gari a tafi aiki, kada kuma a fara shi da batir mai ƙaramin caji.

Mun san wasu za su ce, mu marubuta ne, me ya haɗa mu da wannan? A bar wa 'yan fim. Akwai gaskiya a maganarsu ta wani ɓangaren, domin kyamara ba za ta koya mana sauraro ba, kuma mun ga masu hira da idonsu ke kan allo har maganar da ta fi muhimmanci ta wuce su. Mary Smith da hannu ta rubuta labarin rayuwar Baba mutuniyar Karo a ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi. Biro ya isa ya riƙe tarihi. Sai dai biro ba ya riƙe karin waƙa, ba ya riƙe yadda tsohuwa ke jan numfashi kafin amshi, ko yadda hannunta ke kwaikwayon dutsen niƙa. Tunda mun samu abin da zai riƙe waɗannan, kuma mun zaɓi mu ɗauke shi, to mun ɗauki alkawari. Dattijon da ya ga kyamara a gabansa yana magana ne da yaƙinin cewa maganarsa ta samu ma'aji. Mu kanmu, ganin jan ɗigon nan na kyaftawa a allo kan sa mu saki biro. Rabin sani a nan ya fi rashin kyamarar haɗari.

Shawararmu ga duk wanda zai fita ɗaukar hira ita ce ya ware rabin awa a daren jajibiri. Ya cika batir da fawa bank. Ya kwashe abin da ke kan kati, ya yi masa fomat, ya riƙe na biyu a aljihu. Ya daidaita wuyan, ya duba saitin 25, ya ɗauki kansa na minti biyar ya kalla ya saurara. A wurin hira ya nemi izini a fili, ya faɗi inda bidiyon zai je, musamman idan mata ne a cikin gida. Biro da littafi su zauna a kan cinya. Da an dawo, kafin a ci abinci, a kwafe aikin zuwa wurare biyu, a buɗe a tabbatar yana yi, sannan a fara mayar da shi rubutu tun maganar na da ɗumi a kunne.

A cikinmu akwai masu kakanni da suka san tatsuniyoyi, da kirarin sana'a, da tarihin unguwa wanda babu shi a kowane littafi. Wanda ya yi niyyar zuwa wajensu, ya gwada katinsa yau, ya tafi cikin satin nan. Wanda kuma ya taɓa cin karo da wata matsalar da ba mu ambata ba, ya faɗa mana yadda ya warware ta, mu ma mu ƙaru.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.