Jama'ar Ƙasar Gumel, Mu Tashi Mu Nemi Likitocin Sauƙaƙa Raɗaɗi!

'Yan uwana na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai maganar da kowa a cikinmu ya taɓa ji a bakin asibiti: "Ku kai shi gida, a ci gaba da addu'a." Sai a naɗe tabarma, a nemi mota, a koma ƙauye. Uwa mai sankarar mama ta kwana tana nishi. Dattijon da ƙodarsa ta gaza ya kasa juyawa a shimfiɗa. Iyali na zaune, hawaye kawai suke.

Addu'a wajibi ce, ba ma barinta. Amma ciwon da ba ya warkewa, raɗaɗinsa yana da magani. Ku ji da kyau: yana da magani! Kula da wanda cutarsa ta yi nisa fanni ne na likitanci mai zaman kansa. Ana karanta shi, ana zana jarrabawarsa, ana ba da takardar shaidar ƙwarewa a kansa, kamar yadda ake yi wa likitan tiyata da likitan yara.

A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin irin waɗannan majinyata. A 1987 Birtaniya ta amince da aikin a matsayin fannin ƙwarewa. Amurka ta bi sahu a 2006, likitocinta suka zana jarrabawar farko a 2008. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci kowace ƙasa ta sa wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta, har zuwa ƙananan asibitoci. Duk da haka hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta kowace shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu. Mafi yawan waɗanda aka bari a baya suna ƙasashe irin namu.

Kada wani ya ce mana abin na Turawa ne. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa gidan irin wannan jinya a Uganda. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, domin ya isa ƙauyukan da babu likita. A nan gida, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun dasa harsashin aikin a Asibitin Koyarwa na Ibadan, kuma a 2007 aka kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta ƙasa. Abin da aka yi a Kampala da Ibadan, me zai hana a yi shi a ƙasar Gumel?

Me ya sa muke nacewa a kan takardar ƙwarewa? Saboda mofin ba abin wasa ba ne. Mun ga ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa samarinmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Wannan tsoro ya sa ana ɗari-ɗari da maganin da majinyaci ke matuƙar buƙata. Ƙwararren likita ya san ma'auni. Ya san lokacin ƙari da lokacin ragi. Ya san maganin amai, da cushewar ciki, da sarƙewar numfashi, da gyambon kwanciya. Ya san yadda zai zauna da iyali ya faɗi gaskiya cikin tausasawa, kada a sayar da gona da shanu a bi maganin da ba zai yi amfani ba. Takardar ita ce shaidar cewa an gwada shi, an tabbatar ya iya. Ita ke raba shi da mai tallar ƙwayoyi a tire ranar Alhamis a kasuwar Maigatari.

To, 'yan uwa, aiki ya same mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku tambaya! In kun kai majinyaci Babban Asibitin Gumel, ko an tura ku Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, ku ce: "Likita, me za a ba shi na raɗaɗi? Wa zai riƙa duba shi in mun koma gida?" Kada a sallame ku ba amsa. Haƙƙinku ne.

Ku rubuta! Ƙungiyoyin ci gaban gari da kwamitocin lafiya na mazaɓu, ku kai takarda ga 'yan majalisarku da shugabannin ƙananan hukumomi huɗun nan. Buƙatar a fili take: Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta ɗauki nauyin likitoci da ma'aikatan jinya su je su ƙware a wannan fanni, su dawo su yi aiki a masarautarmu. A tanadi mofin a manyan asibitoci bisa doka da kulawa. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Gagarawa da Sule Tankarkar su riƙa bin majinyata har gida.

'Ya'yanmu likitoci, ku zaɓi wannan fanni. Ku matsa wa kwalejojin horar da ƙwararrun likitoci na Najeriya da na Afirka ta Yamma su faɗaɗa ƙofar horo da jarrabawa a kansa. Akwai lada a ciki, akwai daraja.

Malamanmu, ku faɗa a huɗuba cewa neman sauƙin raɗaɗi bai saɓa wa tawakkali ba. Hakimai, dagatai da masu unguwanni, ku san gidajen da ke da mai doguwar jinya. Iyayenmu mata, ku ne a bakin shimfiɗa dare da rana. Ku daina ɓoye ƙullutu a mama saboda kunya, ku je a duba da wuri. Samari masu babura, ku kai maƙwabci asibiti. 'Yan kasuwa, ku buɗe asusun taimako. Kowa ya je dubiya, ya karɓi mai jinya ko na yini ɗaya ta samu ta runtsa.

Asabar ta biyu ta watan Oktoba ita ce ranar wannan kulawa ta duniya. Mu cika ta da taro a kowace ƙaramar hukuma. Amma kada mu jira ta. Mu fara yau. Mu tambaya yau. Mu rubuta yau. Mu je dubiya yau. Mu yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har sai ƙasar Gumel ta samu ƙwararrun likitocinta masu takarda a hannu da tausayi a zuci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ƙarfin tsaya musu. Mu tashi!