Ɗakin Ajiyar Jini Yana Bukatar 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, da wuya a sami ikilisiyar da ba ta taɓa jin irin wannan sanarwa ba. Ana dab da tashi daga sujada sai a miƙa wa mai sanarwa 'yar takarda: wata 'yar'uwarmu ta haihu a asibiti, jini ya ƙi tsayawa, ana neman leda biyu yanzu-yanzu. Sai matasa su hau babura. Idan an isa can, a tarar wannan jininsa bai dace ba, wancan nauyinsa bai kai ba, wani kuma gwaji ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta bai ma sani ba. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa kafin a samu, rai ya yi halinsa.

Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwan da muke zaune, abin ya fi taɓa mu. Asibitoci da yawa sukan ce dangin majiyyaci su kawo wanda zai ba da jini, alhali da dama daga cikinmu aiki ko kasuwanci ne ya kawo mu, dangi suna can gida, tafiyar yini guda. Ikilisiya ce danginmu. Duk da haka, in muna ba 'ya'yanmu shawarar abin da za su karanta, likita da lauya da injiniya kawai muke kira, sai kuma nas. Ba mu cika tunawa da wanda ke zaune a ɗakin ajiyar jini ba, shi da zai ce wannan leda ta dace da wannan majiyyaci ko ba ta dace ba. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da iyaye da dattawa za su ɗauki wannan aiki da daraja, su tura masa yara masu ƙwazo, su kuma tallafa musu da kuɗi.

Bari mu fara da abin da aikin ya ƙunsa, domin da yawanmu mun ɗauka ɗibar jini ne kawai a ɗura wa wani. Kafin shekarar 1901 an sha gwada ƙarin jini a Turai, wasu su rayu wasu su mutu, ba a san dalili ba. A wannan shekara wani masani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya nuna cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, waɗanda yau muka sani da A da B da AB da O. A 1930 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda wannan bincike. A 1940 shi da abokin aikinsa Alexander Wiener suka bayyana wata alama kuma a jini, wadda ake kira Rh. Ita ce ake nufi idan an ce jinin mutum fozitif ne ko nagatif. Idan aka ƙara wa mai rukunin O jinin rukunin A, jikinsa zai far wa baƙon jinin ya farfasa shi, ƙoda ta iya tsayawa, mutum ya mutu. Kuma sau da yawa irin wannan kuskure daga rubutu yake fitowa: an sa sunan wani a kwalbar jinin wani, ko an ɗauko leda ba a karanta takardarta da kyau ba. Shi ya sa aikin yake son mutum mai natsuwa da gaskiya, wanda ba ya gajiya da sake dubawa.

Gano rukuni mataki na farko ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace leda sai an gwada ta a kan ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu wato B da C, da tunjere. Bayan haka a haɗa ɗan jinin majiyyaci da na cikin leda a ga ko za su zauna lafiya. Sai maganar ajiya. Jajayen ƙwayoyin jini suna zama a firji na musamman tsakanin digiri 2 zuwa 6, na kwana 35 zuwa 42, gwargwadon ruwan maganin da ke cikin ledar. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su kuma ba sa son firji. Ana ajiye su tsakanin digiri 20 zuwa 24, ana girgiza su a hankali ba tsayawa, kuma kamar kwana 5 kawai suke yi. Ruwan jini ana daskarar da shi ya kai shekara. Idan aka fito da leda daga firji aka rataya wa majiyyaci, dole a gama ƙarin cikin awa 4. Ku dubi yanayin wutar lantarkinmu da zafin watan Afrilu, sai ku gane cewa mai riƙe da wannan ɗaki ba ya barci da ido biyu.

Su wa suke jiran wannan jini? Na farko mata masu haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu jego a duniya, kuma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2020 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya, a Najeriya suke. Na biyu ƙananan yara, waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke shanye wa jini da damina har tafin hannunsu ya yi fari. Na uku masu amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta ana haifar jarirai kamar 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsa yakan fara ƙin wasu jinane ko da rukuninsu ɗaya, don haka samo masa wanda ya dace sai gwani. Ga kuma waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su.

Akwai wani abu da ya shafi Zumuntar Mata kai tsaye. Idan uwa jininta nagatif ne, jaririn kuma fozitif, jikinta yana iya shirya yaƙi da irin wannan jini. Ɗan fari yakan tsira, amma na baya sukan zo da shawara mai tsanani, ko su mutu a ciki. Mata nawa aka kira masu wabi, ko aka zargi wata tsohuwa da maita a kansu, alhali wasunsu gwajin jini da allura guda ta anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa da sun hana wannan baƙin ciki? Wanda zai gano haka tun ana awon ciki, shi ne wannan ma'aikaci da ba mu san sunansa ba.

Yanzu ga hanyoyin shiga aikin, domin iyaye su sani. Akwai digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara 5 a jami'a, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Ana yin sa a jami'o'i irin su Jos da Maiduguri da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma a cikinsa akwai fannin jini da ƙarin jini. Yaro yana bukatar kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Akwai kwas na shekara 3 a makarantun koyon aikin lafiya ga masu taimaka wa waɗannan masana. Wanda ya riga ya zama likita yana iya ƙara wasu shekaru ya ƙware a cututtukan jini, ya zama shi ke duba masu sikila da masu sankarar jini, yana kuma kula da yadda asibiti ke amfani da jini. Ana bukatar nas-nas masu kula da masu ba da jini, da masu gyaran firji da injuna. Muna gargaɗin iyaye da abu ɗaya: kafin ku biya kuɗin makaranta, ku tabbatar majalisar da ke ba ma'aikatan ɗakin gwaji lasisi, wadda dokar 2003 ta kafa, ta amince da makarantar. In ba haka ba yaro zai gama ya riƙe takardar da ba za ta ba shi aiki ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce aikin ɓoye ne, ba suna, ba a gaishe ka a kasuwa kamar likita. Gaskiya ne majiyyaci ba ya ganin fuskarsa. Amma ku tuna da Charles Drew, baƙar fata ɗan Amurka, likitan tiyata wanda a 1940 ya jagoranci shirin tara ruwan jini a birnin New York ana aikawa Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A zamanin da ake ware jinin baƙaƙe daban da na farare, ya fito fili ya ce wannan ba shi da tushe a kimiyya. Har yau ana ambatonsa. Wasu za su ce akwai hatsarin ɗaukar cuta. Akwai shi, kamar yadda yake ga nas da ungozoma, kuma allurar rigakafin ciwon hanta iri B da safar hannu da bin ƙa'ida suna rage shi ƙwarai. Wasu kuma za su ce in sun ƙware ƙasar waje za su tafi. Wasu za su tafi, ba mu musa ba. Amma wanda ikilisiyarsa ta ɗauki nauyinsa, ta yi yarjejeniya da shi a fili cewa zai yi wa yankinsa aiki na 'yan shekaru, ya fi wuyar mantuwa da gida.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Asibitin Vom da ke Filato, da na Garkida a Adamawa, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, sun horar da iyayenmu aikin jinya tun ana rasa ma'aikata a ƙauyuka, kuma ba su tambayi majiyyaci addininsa kafin su duba shi ba. Jini ma haka yake. Ledar da ɗanmu ya gwada yau, gobe jikin maƙwabcinmu za ta shiga, ta maƙwabcinmu kuma ta ceci matarmu.

Sai dai gwani ba ya aiki da firji wanda babu komai a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mutum ɗaya cikin ɗari yana ba da jini, ƙasa za ta iya biyan bukatunta na yau da kullum, kuma jinin masu bayarwa da son rai, ba don kuɗi ba, shi ya fi aminci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana sayar da jini, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Doka dai ba ta cika leda, sai mutane. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Mai lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, namiji bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4.

Saboda haka muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ta duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, a gayyaci ma'aikacin ɗakin jini ya yi wa 'yan sakandare bayani lokacin hutu. Na biyu, a ware wani kaso na taimakon karatu domin yaro ko yarinya ɗaya a wannan fanni, ko da ikilisiyoyi biyu ko uku ne za su haɗa hannu. Na uku, tun da yawancinmu muna neman gwajin sikila kafin ɗaurin aure, a haɗa da gwajin rukunin jini, a kuma yi shi a wurin mai lasisi. Na huɗu, Ƙungiyar Matasa ta tsara ranar ba da jini tare da asibiti mafi kusa, misali kusa da 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, wadda duniya ke girmama masu ba da jini a cikinta tun 2004. Sakamakon gwajin kowa sirrinsa ne, kada ya zama abin hira a harabar majami'a.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da muka tura makaranta bana sai nan da shekara shida zai tsaya a gaban wancan firji, don haka kowace shekarar da muka jinkirta, wata 'yar'uwa ce za ta jira a ɗakin haihuwa. Muna roƙon dattawa su sa wannan magana a taronsu na gaba. Ubangiji ya ba mu hikima da zuciyar taimako.