Murya Tangaran a Waya: Tsakanin Tamanrasset da Agadas

Tamanrasset na can ƙuryar kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 400 daga In Guezzam, inda ake ƙetarawa zuwa Assamaka a Jamhuriyar Nijar. Larabci da harshen Buzaye ne harsunan gari, amma a wuraren da baƙi 'yan kudu suka fi zama, da lokacin baje kolin Assihar, Hausa ce ke haɗa mutumin Agadas da na Tawa da na Damagaram. Rabin cinikin waɗannan mutane a waya yake ƙulluwa: farashin dabino, lodin taliya da madara, saƙon gida. Saboda haka garin ya dace da tambayar da ɗalibin Hausa ba kasafai yake yi ba, wato me waya ke zubarwa daga cikin magana kafin ta kai kunne?

Duk muryar da ta shiga waya sai an matse ta ta koma lambobi, a can ɗaya ɓangaren a warware ta. Tsarin da ke wannan aiki shi ake kira kodek. Tsohon cikinsu, G.711, an tsayar da shi a 1972, kuma ba ya ɗaukar sauti sai abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400. Abin da ya yi sama ko ƙasa da haka ya tafi ke nan. A 1988 aka fito da G.722, wanda ya buɗe ƙofar daga 50 zuwa 7,000 ba tare da ya ci fiye da kilobit 64 a daƙiƙa ba, daidai da abin da tsohon ke ci. Wannan faɗin ne kamfanoni ke tallatawa da sunan HD.

Hausa tana jure ƙuncin tsohuwar waya fiye da yadda za a zata. Karin sauti yana rataye ne a kan saurin karkarwar tantanin maƙwallato, wanda ga yawancin maza da mata bai kai haz 300 ba, wato waya ta yanke shi. Sai dai kunne na maido da shi daga amon da ke bisansa, shi ya sa kari ba ya ɓata. Tsayin wasali ma lokaci ne, ba ya buƙatar faɗi. Waɗanda ke shan wahala su ne baƙaƙe. Yawancin ƙarfin zuzau /s/ yana sama da haz 4,000, inda G.711 ba ya kaiwa, don haka /s/ da /sh/ da /ts/ da /f/ sukan kusanci juna. Ɗan kasuwar da aka ce wa "kada ka saya" bai cika jin "kada ka tsaya" ba, domin karin kalmomin biyu ya bambanta, kuma ya san zancen da ake yi. Amma *baki* na cin abinci da *baƙi* jam'in baƙo karinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Ba abin da ya raba su sai tunkuɗau /ƙ/, wanda alamarsa ƙarfin fashewar iska ce da ɗan shirun da ke biye. Idan kodek mai tsananin matsi ne, irin G.729 da ke aiki da kilobit 8 kacal, ko kuma layi na yankewa, wannan alama takan dushe. Bahaushe zai cike gurbin da saninsa. Mai koyo ba shi da abin cikewa, sai ya ɗauka kunnensa ne bai ƙware ba.

Da matsalar ta tsaya nan, da sayen sabuwar waya ya wadatar. Ba ta tsaya ba, domin kalmar HD ba sunan abu ɗaya ba ce. Wayoyin intanet na kan tebur galibi G.722 suke ji. Layukan salula suna aiki da AMR-WB, wanda kuma aka yi wa lamba G.722.2, ko da EVS na 2014. Manhajoji da dama sun rungumi Opus, wanda aka tsayar a 2012 kuma ba a biyan kuɗin lasisi a kansa. Da shi ne WhatsApp ke naɗe saƙon murya. Akwai ma G.722.1 da ya samo asali daga kamfanin PictureTel. Sunayen sun yi kama kamar 'yan gida ɗaya, alhali ba wanda ke jin yaren wani. Kafin kira ya haɗu, kowace na'ura na miƙa jerin abin da ta iya, a zaɓi wanda suka yi tarayya a kai. In ba a samu ba, sai a koma G.711, wanda kowa ya sani. Ko da an sa na'urar tafinta a tsakani, kowace juyawa na rage wani abu, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Kiran da ya tashi daga layin Mobilis ko Djezzy ko Ooredoo a Tamanrasset zuwa layin Airtel ko Moov ko Zamani a Arlit yakan bi ta hannun dillalan kira na ƙasa da ƙasa, kuma mahaɗa ɗaya mai ƙunci a hanya ta isa ta mayar da muryar duka irin ta 1972. Ga abin mamaki: mutum biyun nan, da wayoyinsu guda, in suka koma saƙon murya ta intanet, sai magana ta fito tangaran, tun da Aljeriya ta buɗe 3G a ƙarshen 2013 da 4G na salula a 2016. Kiran da ya fi tsada shi ya fi muni.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi a nan shi ne a daina kallon tambarin kwali, a kalli jerin kodek. Makaranta ko gidan rediyo ko sashen Hausa da zai sayi wayoyin intanet ya kamata ya nemi waɗanda ke da Opus da G.722 tare, a sa su a saman jeri, G.711 ya zauna a ƙasa don ranar larura. Masu cewa wannan almubazzaranci ne a hamada inda layi ke da rauni suna da ɗan gaskiya, amma hujjarsu ta tsufa: Opus na iya sauka har kilobit 6, kuma a kasa da rabin abin da G.711 ke ci yana ba da murya mai faɗi. Laifin da ya rage yana wuyan kamfanonin da ba su haɗa layukansu ta hanyar da za ta bar faɗin ya wuce ba.

Ga mai nazarin karin harshe kuwa, abin ya fi tsanani. Hausar Yamma da ake ji a bakin mutanen Adar takan ce *hwari* inda Kano ke cewa *fari*, kuma irin wannan bambanci yana zaune ne daidai inda tsohuwar waya ke yankewa. Wanda ya rubuta lafazin wani Ba'adare mazaunin Tamanrasset daga kiran salula na iya danganta wa mutumin abin da layi ne ya haifar. Saƙon murya ya fi, amma shi ma matsattse ne, kuma wayoyi na goge abin da suka ɗauka hayaniya ce. Don sauraro da kwaikwayo ya isa. Don awon sauti, sai a roƙi mai magana ya naɗi muryarsa a tsarin WAV, ya aiko da ita a matsayin fayil, ko da za ta kwana tana tafiya.