Bugun Lantarki da Ƙwayar Halitta: Aikin da ke Jiran Masana Hausa a Samaru

A shekarar 1982 Eberhard Neumann da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa gajeren bugun lantarki mai ƙarfi yana huda tantanin ƙwayar halitta na ɗan lokaci, har sinadarin gado ya samu hanyar shiga. Nasarar aikin ta rataya ne a kan da'irar lantarkin da ke samar da bugun. Sanannen tsari shi ne na Erwin Marx, na 1924: a cika ma'ajiyoyin caji kowace da kanta, sannan a jona su a jere a sake su lokaci guda, ƙarfinsu ya taru ya kai dubban volt. Wahalar tana ga awo. Bugun da ya wuce kima yakan kashe ƙwayar, wanda ya gaza kuwa ba ya buɗe komai.

Har yanzu Hausa ba ta da tsayayyun keɓaɓɓun kalmomi na wannan fanni, alhali a Samaru Jami'ar Ahmadu Bello ta haɗa injiniyoyin lantarki da Cibiyar Binciken Aikin Gona da Sashen Harsunan Afirka da Al'adu. Bai kamata ƙirƙirar kalmomin ta tsaya a ofis ba. Masu gyaran rediyo da talabijin na Sabon Gari kullum suna taɓa waɗannan ma'ajiyoyi, kuma suna da sunayen da suke kiran su. Ya dace a fara tattara waɗannan sunaye, injiniya ya tantance ma'ana, masanin harshe ya daidaita ƙira. Kalmar da aka ƙaga ba da saninsu ba, da wuya ta fita daga shafin mujalla.